Baburin da Rashidu Ya Zaɓa

Akwai wani aibu da ya zama ruwan dare a cikin mutane: idan nakasa ta sami ɗan'uwansu, sai su yi gaggawar zaɓa masa abin da ya fi sauƙi, ba tare da sun tambaya ko sauƙin na wane ne ba. Suna kiran wannan tausayi, alhali sau da yawa hutun ransu kawai suke nema. An miƙa wa Rashidu, mutumin Damagaram, irin wannan tausayin a garin Tamanrasset, can cikin hamada, ya ƙi karɓa.

Sana'arsa gyaran injin ban ruwa ce. Yakan bi motar kaya zuwa ƙauyen Idlès, ya sauka ya ratsa duwatsu da ƙafa har lambunan da mota ba ta kaiwa. Wata rana inji ya suɓuce daga igiya a bakin rijiya, ya murƙushe masa gwiwar dama. Ƙafar ta warke a sandare: tana ɗaukarsa a tsaye, amma ba ta jure doguwar tafiya, ba ta kuma yarda a dira a kanta. Yayansa Badaru, mai shagon atamfa a kasuwa, ya ajiye masa kujera a bakin shago. Rashidu ya ce shi babur yake nema.

Wani dattijon Buzu, Tahiru, wanda a da yake yi wa Turawa jagora a cikin duwatsun Ahaggar, yana da tsofaffin babura biyu da suka bar masa. Irin na hawan dutse ne, sirdinsu bai kai tafin hannu biyu ba, domin a tsaye ake tuƙa su. Ɗaya ƙirar Sifen, siriri, mai ƙarar sauro. Ɗayan ƙirar Ingila, baƙi, mai jikin ƙarfe, yana bugawa a hankali kamar dakan hatsi a turmi.

Da suka je gidan Tahiru, Badaru ya yi abin da kowane mai saye yake yi a garejojin garin: ya kama bayan kowanne ya ɗaga. Na Sifen ya taso masa da hannu ɗaya. Na Ingila sai da ya yi nishi.

"In dole ne, ga naka," in ji shi. "Wancan kuwa sai a haɗa maka da raƙumin da zai riƙa tayar da ku."

"Yaya, ai ba goya shi zan yi ba."

Rashidu ya gwada su duka a cikin busasshen kwarin da ke bayan gidan. Maras nauyin yana da saurin juyawa, yana kuma bin hannu, amma kowane dutse ya taka sai ya zabura kamar ɗan akuya, dole mahayi ya riƙa sauke ƙafa yana tokarewa. Da ya tokare da ta dama, zafin ya kai masa har ƙeya. Mai nauyin kuwa nauyinsa a ƙasa yake, kusa da taya. Yana da taurin kai a kwana, amma yana hawa dutse ya sauka ba tare da gigicewa ba, ƙafafun Rashidu ba su bar matakansu ba har ya dawo. Dalilin a fili yake ga mai tunani: nauyin abu a hannu daban, nauyinsa a ƙarƙashin mutum daban, kuma babu wanda zai auna na biyun sai mai ƙafar.

Sai dai Badaru ba wawa ba ne. Ya tura baƙin baburin ya faɗi a tsakar gida.

"To, gwani, ɗaga. A bayan Idlès babu yayanka."

Rashidu ya sunkuya ya ja, babur bai motsa ba. Ya juya masa baya, ya jingina ƙugu da shi, ya tura da ƙafar hagu. Ya taso rabi, ya koma. Tahiru ya yunƙura zai taimaka, Rashidu ya ɗaga masa hannu, ya tsaya yana haki.

"Ka gani," in ji Badaru.

"Na gani. Wannan ran da na faɗi zai wahalshe ni. Wancan kullum. Kujerarka kuwa har in mutu. Baba Tahiru, baƙin nake so."

Da shi ya koma aiki. Tun da ƙafarsa ba ta iya buga masa wuta ya tashi, ya ɗauki ɗabi'ar da aka san shi da ita: ba ya tsayawa sai a kan tudu, hancin babur yana duban gangara, domin ya sake shi ya tashi da kansa. Masu lambu suka riƙa tara masa tudun ƙasa a bakin shingensu.

Abin da Badaru ya ji tsoro ya faru. Babur ya kayar da shi a wani kwazazzabo, ya wuni a inuwar dutse da ragowar ruwan gorarsa, har makiyaya suka biyo da awaki suka tayar masa. Washegari ya ƙarasa lambun da aka kira shi. Yanzu furfura ta kama gemunsa, ya tare a Idlès da iyalinsa, yana gyaran injuna a kan baƙin baburin nan. Kujerar bakin shagon Badaru, masu ciniki ne ke zama a kanta.