Akwatin Bindigar Baba a Ma'adi

A shekarar da 'yan sanda suka ɓace daga titunan Alƙahira, ina aikatau a Ma'adi, gidan wani tsohon likitan dabbobi da matarsa ta rasu. Baba nake ce masa, shi kuwa ya ce mini "ya binti", wato 'yata. Yana da bindigar harbin agwagwar ruwa, tun ta samartaka, jingine a bayan kabad. Da zancen ɓarayi ya cika unguwa, ɗansa ya matsa sai an kulle ta.

Ni na raka Baba shagon sayar da akwatuna. Manyan akwatunan ƙarfe sun fi ƙarfin fanshonsa, sai ya tsaya gaban wani siriri ruwan toka, tsayinmu ɗaya da shi. Ya ƙwanƙwasa gefensa, ya yi ƙara kamar garwa.

"Wuta fa?" ya tambayi mai shago.

"Tamam, ya doktor. Ko gida ya ƙone ƙurmus, shi ba abin da zai same shi."

A ɗakin kwana aka ajiye shi. Harsasai Baba ya kai wani ɗaki daban. A kantar sama ta akwatin kuma ya jera kwalaben turaren marigayiya da itacen turaren wutarta.

Bayan la'asar yakan buɗe, ya zauna yana shafa wa bindigar mai, yana ba ni labarin tafkin Fayyum: hazo a kan ruwa, kwalekwale, agwagi suna tashi. Ina guga ina ji, har in rasa ko tafkinsa nake gani ko gulbin garinmu. Na sha barin riga ta yi ƙauri.

A wata bazara da ake yawan ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi bayan azahar. Wayar na'urar sanyaya ɗaki ta kama da wuta, labule ya ɗauka. Na ja Baba muka sauka, ko takalmi babu. Maƙwabta da 'yan kwana-kwana suka kashe ta, ɗakin kawai ta ci.

Fentin akwatin ya kumbura, ƙofar ta lanƙwashe, maɓallan lambobi sun narke. Sai mai walda aka kira ya yanka. Katakon bindigar ya yi baƙi ya tsage, ruwa ya shiga ta kowace kafa. Kwalaben sun fashe, itacen ya turara a ciki shi kaɗai.

Ƙamshin ya fito ya danne ƙaurin. Baba ya zauna a jiƙaƙƙen daɓe, ya rufe ido, ya daɗe. Na nufi taga zan buɗe.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya binti. Bar ta tukuna."

Bindigar ya miƙa wa hukuma. Akwatin kuwa mai sayen tsoffin ƙarafa ya ɗora a amalanken jaki. Daga baranda na bi shi da ido, yana tafiya a hankali cikin inuwar itatuwa, har ya sha kwana.