Konkar da Ta Sha Ruwan Kal

Duk ƙauyen nan namu na tuddan Yorkshire an san Bryony Sugden da abu biyu. Na ɗaya, hannunta yana da albarka a gashin burodi, don ta daɗe tana aiki a gidan burodin kan kwana kafin ta yi aure. Na biyu, ba ta iya faɗuwa a wasa ba. Ba wai ba a cinye ta ba ne, ana cinye ta, amma ranar da aka cinye ta gidan ba ya zaunuwa. Mijinta Duncan, direban tankar madara, tun suna neman aure ya yi sallama da karta, ya ce shi mai son zaman lafiya ne. Ko ludo take yi da 'yarta Tilda, yarinya 'yar shekara shida, za ka ga uwar ta haɗe gira ta naɗe hannun riga, sai ka rantse gidan aka saka a cacar.

Tilda ta taɓa shiga makarantar ƙauye, zango ɗaya tak. Ba wanda ya zalunce ta, malamai ma suna son ta. Hayaniya ce dai ba ta iya ba. Da an kaɗa ƙararrawa yara sun ɓarke waje, sai ta shige bayan rigunan sanyin da ake ratayewa a bakin aji, ta tsaya nan shiru har a neme ta. A gida baki kamar aku, a makaranta ko sunanta ba ta faɗa. Ranar da Bryony ta je ɗauko ta, ta tarar da ita a bayan rigunan tana kuka ba sauti, ranar ta ce ya isa haka. Ta sanar da hukuma, ta share teburin kicin, makaranta ta dawo gida. Duncan ya raɗa mata suna Hedimasta, sunan kuwa ya bi ta.

A faɗi gaskiya, Hedimasta ta iya aikinta, musamman idan kaka ta kama. Da ganye ya fara juyewa ja da ruwan ɗorawa, sai a zura takalman roba a nufi kurmi. Lissafi da tuffa ake yin sa, a raba biyu, a raba huɗu, ɗaliba ta cinye amsar. Baƙaƙe da tsinke ake zana su a laka. Idan garken dinya ya ratsa sama, darasin ƙasashe ya samu ke nan, Tilda ta baje taswira tana tambaya a ina za su sauka shan shayi. Ganyen da suka tsinto kuwa dole a danne shi cikin littafi ya bushe, kuma babu littafin da ya tsira a gidan. Duncan ya buɗe littafin gyaran motarsa, ganye ya zubo masa a cinya. Ya zauna cin abinci, miyar kabewa ce, jiya ma ita ce, gobe ma an ce ita ce.

"Hedimasta," ya ce, "don Allah a sanar da ni ranar da za a rufe darasin kabewa, in dawo gidana."

"Ci ka yi shiru. Tilda ce ta auna gishirin."

"Ai na ji a bakina."

Kabewa ɗaya ce ta kuɓuta daga tukunya. Tilda ta zana mata ido da gashin baki, ta sa mata suna Mista Gibbs, ta ba ta kujera a aji. Tana karanta wa Mista Gibbs labari, tana tambayarsa abin da ya gane, idan ya ƙi amsawa ta juya shi ya fuskanci bango. Bryony ta ɗauki abin na dariya ne, har wani yammaci da Duncan yana wanke kwanuka ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba.

"Karatu kam ta samu, ban ja ba. Amma Bryony, babbar ƙawar 'yarki kabewa ce. Ita ma kwana kaɗan ta ruɓe."

"To me kake so in yi?"

"In Kirsimeti ya zo ba ta da ko mutum ɗaya mai ƙwanƙwasa mata ƙofa, ni a ganina a sake gwada makarantar."

Bryony ba ta saba barin wani ya yi maganar ƙarshe ba, amma wannan karon ta san gaskiya ya faɗa. Ita ma ta daɗe da lura. Kullum da an tashi daga makaranta yara suna taruwa a gindin babbar bishiyar konka da ke tsakiyar filin ƙauye, Tilda kuwa ta hau kujera ta manna hanci a gilashin taga tana kallonsu. In an ce ta je, sai ta girgiza kai. Abin yana cin Bryony a rai ƙwarai. Ba ta son 'yarta ta koma bayan rigunan nan, ba ta kuma son ta girma ba ta da kowa.

Daga bishiyar dabara ta zo mata. Lokacin konka ne, 'ya'yan itacen nan masu sheƙi kamar jan goro, waɗanda ba a ci, sai dai wasa. A huda, a zura igiyar takalmi, ɗaya ya riƙe tasa tana reto, ɗaya ya kai mata duka da tasa, a yi ta karɓa-karɓa har ta wani ta fashe. A zamaninta Bryony ce sarauniyar wannan fage, kuma abin da ta riƙe daga yarintarta shi ne duk mai cin wasa yara kewaye shi suke yi. To ai magana ta ƙare. Tilda ta je ta ci wasa, ƙawaye su biyo baya.

Nan da nan konka ta zama darasi. Suka tsinto bokiti guda, suka jera daga ƙarama zuwa babba, suka zuba a ruwa, wadda ta nutse lafiyayya ce, wadda ta taso a zubar. Tilda ta koyi saiti, ta fasa wa uwarta yatsa ya fi a ƙirga. Da a nan Bryony ta tsaya, da sai dai a yaba mata. Amma ranar da Duncan ya ɗauki yarinyar suka tafi kallon kasuwar tumaki, sai ta zaɓi konkar da ta fi kowacce kyau, ta huda, ta jiƙa ta a ruwan kal, ruwan tsamin nan na girki, don ta yi tauri, sannan ta saka ta a tanderu da 'yar ƙaramar wuta, irin gashin wadda ta san aikinta. Kowane yaro a ƙasar nan ya san wannan maguɗi ne, kowane uba kuma ya taɓa yi ya musanta. Ta goge ta da tsumma har ta yi ƙyalli, da Tilda ta dawo ta miƙa mata, ta ce wannan tana da fuskar sa'a.

Ranar Juma'a da la'asar suka fita filin, Tilda ta damƙe gefen rigar uwarta. Wanda ya fara tarar su Wilf Holroyd ne, ɗan shekara bakwai mai giɓin haƙoran gaba, shi ne mai faɗa a ji a gindin bishiyar.

"Ke ce wadda ba ta zuwa makaranta?" ya ce. "Kai, wasu sun dace. Kin iya?"

Tilda ta gyaɗa kai, ta ɗaga igiyarta. Bryony ta koma kan benci ta fito da waya, wai ita ba kallo take yi ba.

Wata yarinya aka fara turo wa Tilda. Duka biyu, konkar yarinyar ta rabe. "Yauwa!" in ji Bryony daga benci, ta kuma yi saurin mai da ido kan waya. Aka turo wani yaro, tasa ma ta tarwatse. Yara suka fara matsowa suna kewayewa, Bryony tana cewa a ranta ai ta faɗa. Sai Wilf ya sa hannu a aljihu ya fito da Janar, konkar da tun farkon kakar nan babu wadda ta tsaya gabanta. Ya kai duka ya samu, ta Tilda ko gezau. Ya sake, haka. Tilda ta gyara tsayuwa yadda aka koya mata, ta saki hannu, Janar ya watse a ciyawa.

Wilf ya dubi gutsattsarin, ya dubi ta Tilda da ko ƙwarzane babu, sai ya cafko igiyar ya kai hanci.

"Kai! Ku zo ku ji! Ƙamshin kifi da dankali!"

A ƙasar da ake yayyafa wa soyayyen kifi da dankali ruwan kal, babu yaron da hancinsa zai yi kuskure. Suka bi layi suna shinshinawa.

"Kal ce!"

"Har gasa ta aka yi, dubi gindin ya yi baƙi!"

"'Yar maguɗi! 'Yar maguɗi!"

Fuskar Tilda ta yi ja. Ta shiga waige-waige, Bryony kuwa ta san wannan kallon, wurin ɓuya take nema, ga shi fili ne fetal. Amma yarinyar ba ta gudu ba. Ta buɗe baki a gaban yaran da ba su taɓa jin muryarta ba.

"Ban yi ba! Mama, gaya musu ban yi ba!"

Idanu suka koma kan benci. Ƙarya ta riga ta jeru a bakin Bryony: hannunta ne ke warin girki, ko bokitin ne ba a wanke ba. Wadda ta gagari Duncan a musu ai ba 'yan shekara bakwai ne za su kayar da ita ba. Ta dubi Tilda, ta ga yarinyar ta tabbata uwarta za ta wanke ta, don ba ta ko zargin komai. Ta miƙe, ta taka har tsakiyar da'irar.

"Ba ita ba ce. Ni ce na jiƙa, ni na gasa. Ita ba ta ma sani ba."

"Ke?" in ji Wilf. "Maman Tilda, ke da girmanki?"

"Ni da girmana."

"A tanderu?"

"A tanderu."

"Wuta kaɗan ko da yawa?" wata ƙaramar yarinya ta tambaya, na kusa da ita ya zungure ta da gwiwar hannu.

Tilda ta dubi uwarta. Sannan ta yi ajiyar zuciya irin ta tsofaffi, ta juya ga Wilf.

"Haka take fa. Ko a ludo ba ta bari in ci. In zan jefa sai ta yi atishawar ƙarya ta girgiza teburin."

Wani ya fara ƙyalƙyalewa, sauran suka ɗauka.

"Babana ma! In muna ƙwallo a bayan gida sai ya ture ni ya ce santsi ne!"

"Kakata a ƙarƙashin cinya take ɓoye karta!"

Kafin ka ce me, an manta da Janar, an koma ƙarar iyaye, Tilda tana tsakiya tana zuba, har da kwaikwayon atishawar. Bryony tana tsaye ana tona mata asiri a bainar jama'a, kunya kamar ta nutse, amma ba ta taɓa jin 'yarta ta yi magana mai tsawon haka a wajen gida ba. Tilda ta kwance gasasshiyar ta ba Wilf ya hukunta ta. Ya taka da dunduniya, ta ƙi fashewa, ya yi tsalle yana riƙe da ƙafa, a ƙarshe ya wurga ta cikin shinge. Ya laluba aljihu ya miƙa wa Tilda wata 'yar konka marar fasali, da igiyarta a jiki.

"A sake daga farko," ya ce. "Amma ban da manya a fage."

"Zan koma benci," in ji Bryony. "Ko tari ba zan yi ba."

"A'a, Mama. Je ki gida. Za ki yi ihu."

"To wa zai rako ki?"

"Ni zan rako ta, hanyata ce," in ji Wilf. "Ki je kawai, Maman Tilda."

Bryony Sugden, da ba a taɓa korar ta daga fagen wasa ba, ta sa waya a aljihu ta kama hanya. Ta kai bakin filin sai ta ji ƙarar fashewa da ihu, ta waiwaya. Konkar Tilda ce a ƙasa gutsu-gutsu, yarinyar tana riƙe da igiya zalla, tana dariya har tana sunkuyawa. Bryony ta ɗaga hannu ta jira kaɗan, sannan ta sauke.

Ta tarar da Duncan a bakin ƙofa, dawowarsa ke nan daga aiki, yana cire takalmi.

"Hedimasta, ina ɗalibar?"

"Ta kore ni."

"Ta ci dai ko?"

"Ta faɗi. An farfasa mata tata."

Ya dube ta da kyau, ya ajiye takalmin. "To kukan na mene ne?"

"Ko waiwayowa ba ta yi ba, Duncan."

"Ai abin da muke nema ke nan."

"Na sani," ta ce, ta kifa fuska a rigarsa mai warin madara.