Ƙwaya a cikin madara

Bazara ce, ta shekarar da gero ya ƙone tun yana kara. Rumbuna wayam, garin shiru, maza duk sun tafi cin rani. Maigidana bai tafi ba. Shekara uku ke nan hannunsa na dama yana rawa, ƙafa ta yi nauyi, in ya tashi tafiya sai ya kafe a bakin ƙofa kamar an dasa shi.

Mun sha rubutu, mun yi turare, wanzami ya yi masa tsaga a kafaɗa. Daga baya ƙanensa ya kai shi gidan likita a Madawa, aka ba shi ƙwayoyi, sau uku a yini. Watan farko har ya koma riƙe ludayi da kansa. Abin da yake so ke nan kawai, kada a ba shi a baki gaban ɗiyansa.

Sai aka fara rabon garin madara na taimako. Nawa kason ban taɓa sha ba, nakan dama masa shi a fura da kauri, in murtsuke ƙwayar a ciki don haɗiya tana ba shi wuya. Rawar ta dawo. Fura tana zuba a rigarsa, yana juya fuska bango.

Ranar kasuwa na bi mota na koma likita da takardarsa. Majo, babban ma'aikacin jinya, wani dattijo mai furfura, ya tambaye ni yadda nake ba shi. Na faɗa, har da ɗan alfahari.

Ya dafe kai. "Haba baiwar Allah! Madara da nama suna tare ma wannan magani hanya. Da ruwa zalla za ki ba shi, ki jira awa guda kahin shi ci komi."

Na ce, "To in na yi haka, shi warke?"

"Ba a warkewa, inna. Sassauci dai. Ki riƙa tada shi yana tattaki, kada jiki shi sandare."

A mota na yi ta tunanin watannin da na kwashe ina ɓata masa magani da hannuna. Ban gaya wa kowa ba.

Washegari na ba shi ƙwayar da ruwan randa. Ya ce, "Ina hurata?" Na ce tukuna. Ya sake tambaya, muryar can ƙasa. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa hana shi abinci ba. Na kama hannunsa, muka zagaya tsakar gida sau biyu, yana jan ƙafa, ina duban inuwar katanga don in san awa ta cika.