Bismillar Mai Jefa Hula

Shekarar da kuɗin fetur suka iso har albashin malaman firamare, na sayi babur. Ina koyarwa a Kusada lokacin, kuma wallahi ban iya komai ba sai tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Duk yammacin Juma'a samari kan taru a bayan garin Kankia, inda kwalta ta miƙe, su yi tsere bibbiyu daga wata tsamiya zuwa kwalbati. Gajeriyar tafiya ce, shi ya sa duk wasan a tashi yake. Wanda ba a taɓa kayarwa ba shi ne Kawu, ƙanin Innata, makaniken babura. Saboda wannan sunan ne mutane ke turo mashi baburansu tun daga Rimaye da Tafashiya, da shi yake ci da iyalinsa.

Inna ta taɓa gaya mani a asirce cewa yanar ido ta fara rufe mashi gani, ta ce in kama bakina, don in gari ya ji ba mai ƙara ba shi gyara. Na ce to.

Na roƙe shi ya koya mani. Ya yi mani dariya son ransa, sannan ya yarda. Yadda ake yi, mutum guda ne ke tsayawa can gaba kaɗan ya ɗaga hularsa, in ya sake ta sai a tashi. A kwalbatin kuma wani ɗan malamai ke zaune da carbi, yana jan ƙwaya tun faɗuwar hula har babur ya gifta shi. Agogonmu ke nan, kuma ba mai yi mashi musu.

Ranar farko na saki kuloci gaba ɗaya, babur ya ɗaga kai sama ya zubar da ni. Rana ta biyu na ji tsoro na sake shi da sanyin jiki, ya mutu a ƙarƙashina. Kawu ya ce hannun hagu da na dama shawara suke yi, ba faɗa ba: totur na hawa, kuloci na sauka, ƙirji a kan tanki. Na sha zagi, na ƙone mashi kuloci guda, bai ce in biya ba. Da ya ga na fara kamawa sai ya ja ni gefe, ya ce kar in tsaya kallon hula. Mai jefa hular nan ba ya sakin ta sai ya yi bismilla ƙasa-ƙasa, to a ƙarshen bismillar ake tashi. Ni a wautata na ɗauka wayo ne kurum na tsohon hannu.

Sai rawar kai ta kama ni. Na ga samari na huda salansa don babur ya riƙa ruri, na kai nawa wurin wani a Kusada ya huda mani, don na san Kawu ba zai yarda ba. Juma'ar nan na iso gari kowa na juyowa, kaina ya kumbura. Aka fara zuga wai ɗa ya gwada da kawunsa. Kawu ya dubi wajen salansata. Ya turo baburinsa gindin tsamiya.

Na murɗa totur har ni kaina ban ji bismillar ba, leɓen mutumin na gani ya motsa, na tashi. Tashi mai kyau kuwa, ban taɓa yin irinsa ba. Na wuce kwalbati ina jiran Kawu ya gifta ni, shiru. Da na juyo sai na hango shi inda na bar shi, ya karkatar da kunne, ya zuba ido sama yana jiran hular da tuni take ƙasa. Wani ya ɗauke ta ya kaɗa a gaban fuskarsa. Dariyar da aka fara ta tsaya, kowa ya gane.

Kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Na san zancen idon, na san da kunne yake tashi, amma ban haɗa biyun ba don ina son a kalle ni. Har yau abin na ci mani rai. Kafin damina, rabin masu kawo mashi gyara sun koma wurin wani.

Ranar dai, da mutane suka watse, ya tambayi mai carbi ƙwaya nawa na ci. Aka gaya mashi, ya gyaɗa kai. Na matso zan ba shi haƙuri, sai ya riga ni magana.

"Tashinka ya yi," in ji shi. "Magariba ta kawo kai, ɗana. Shiga gaba, in bi ƙarar nan taka har gida."