Na Amurka ko Na Japan?

A duk ilmin da ɗan Adam ya tara, daga ƙirga da yatsu har zuwa aljabara, babu wanda ya kai sanin yadda ake ajiye abu biyu a gaban mai kuɗi a ce ya zaɓa. Ni na ƙure wannan ilmi, har gwamnati ta ba ni masauki kyauta saboda shi.

Malamin lissafi ne ni a wata firamare a Garuwa, a ƙarshe-ƙarshen mulkin shugaban ƙasa na farko, wanda hotonsa ke hararata daga saman allo. "Metir" ake ce mini, wato malam da Faransanci. Ina da farar riga, da keke, da raini mai yawa ga duk wanda bai iya Faransanci ba.

Abin ya fara ƙarami. Alhaji Hamadu, wani falken shanu, ya sayo na'urar lissafi ta hannu, ta faɗi ta fashe, ya kawo mini. A cikinta na ga wata 'yar baƙar aba mai ƙafafun ƙarfe, kamar kaska ta ƙoshi. Na taɓa karantawa a mujalla cewa ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, kuma Turawa na sayen hannun jari a kamfanonin da ke ƙera ta. Don burga kawai na faɗa masa.

Ya ce, "Metir, jarin nan yana haihuwa?"

Na ce, "Har tagwaye, Alhaji."

Na sha ganin yadda dillali ke yi a kasuwar shanu. Ba ya tambayarka ko za ka saya. Shanu biyu yake jawo maka, ka shiga duba tozo da haƙori, har ka manta ba ciniki ya kawo ka ba. Shi na kwaikwaya. Na ciro kamfani biyu daga mujallar. Na Amurka, na ce, bijimi ne, akwai tsada amma ba ya rama. Na Japan karsana ce, yau araha, gobe garke. Mutanen da ko akuya ba sa saye sai sun latsa ƙugunta suka zubo mini kuɗi a kan takardar da na buga da keken rubutun makaranta.

Alhaji ya ɗauki Amurka, wai shi ba ya sayen ƙaramin abu. Ya sayar da shanu, har da na marayun wansa da ke hannunsa. Na sani, na karɓa. Garba mahauci, ƙanen matarsa, ya ɗauki Japan don kawai ya ɓata masa rai. Ni kuwa na sayi babur.

Duk wanda ya tare ni sai in faranta masa. In Alhaji ne, Amurka ta hau. In Garba ne, Japan ta wuce ta. Abin da ban lissafa ba, ni malamin lissafi, shi ne kwano ɗaya suke ci ranar Juma'a. A kotu na ji yadda aka yi.

"Yaya, karsanata ta tsere wa tsohon bijiminka," in ji Garba.

"Kai, mai wuƙa, me ka sani ban da hanji? Metir da bakinsa ya ce mini Amurka ce gaba!"

Ko a nan babu wanda ya zarge ni. Suka yi abin da ake yi in gardamar farashi ta yi zafi, wato neman dillali na uku. Suka kwashi takarduna suka kai wa Baturen banki ya raba musu. Ya duba, ya ɗaga tarho ya kira jandarma.

A kurkuku ma "Metir" suke ce mini, ina ɗauke da bokitin ba-haya a ka. Can na gane duk wautar mutanen nan ba ta kai tawa tsada ba. Shanun marayun ne kaɗai abin da har yau ban iya yi wa dariya ba. Na tuba, kuma ina biyan su kaɗan-kaɗan daga sayar da alli da fensir a bakin kasuwa.

Samari, in mutum ya ajiye muku abu biyu ya ce wanne ya fi, ku fara tambayarsa ina suke. Kuma kada boko ya sa ku ɗauki jahilcin wani a matsayin gonarku. Ku ji tsoron Allah.

Ranar da aka sake ni, Garba na tsaye a bakin ƙofa. Na zaci duka ya kawo shi. Sai ya ja ni gefe ya ce, "Metir, tsakaninka da Allah, da a ce na gaske ne, ai Japan ce gaba, ko?"

Har yau ba sa gaisawa da Alhaji. Alhaji yana nan a kan Amurka.