Takobin da Na Yi wa Wankin Tukunya

Duk mai sayar da lemun tsami a kasuwar Yelwa ya san surukina, Baba Mai Lemu, Allah ya jiƙan shi. Sai ya sunsuna wannan, ya matsa wancan, ya mayar, har mai sayarwa ya fara karanta innalillahi a zuci. Kuma tunda aka kawo ni gidan ban taɓa ganin ya ɗiga lemun nan a kunu ba. Na takubbansa ne.

Ku da kuka shiga ɗakinsa kun gan su, guda biyar, naɗe cikin tsohon zanen matarsa, marigayiya Inna. Na farkon wani malamin makaranta ɗan ƙasar Filifin ne ya bar masa, lokacin da Baba yake yi masa girki. Sauran huɗun wurin alhazan Filifin ɗin ya tsinto su, shekarun da ya zauna Makka. Ƙarfensu ninki-ninki aka ƙera shi, in an shafa lemu sai zane ya fito a jiki, layi bisa layi kamar iska ta taɓa ruwan Kainji.

Wani ɗan banga ya taɓa zuwa aro.

"Baba, ara muna guda mu yi sintiri."

"Takobin ga ya girmi kakanka," in ji Baba. "Kana hita sintiri da kakanka?"

Wata babbar Sallah kuma wuƙa ta dakushe, ga rago a kwance. Maigidana ya ce, "Baba, ga takubba biyar a ɗaki." Baba ya saka takalmi ya tafi aron wuƙa har ƙarshen unguwa. "Rago ya jira," ya ce. Mu ne na ƙarshen cin hanta a ranar.

To, ga abin da ban taɓa faɗa muku ba. Baba ya tafi ta'aziyya garin Wara, ni kuma na shiga share masa ɗaki. Na buɗe takobin malamin, na gan shi dishi-dishi, duk ratsi. Na ce oho, tsoho ba ya gani, datti ya ci masa kaya. Na ɗebo toka da yashin bakin ruwa, na dirje shi yadda nake dirje tukunya, har ina ganin haƙorana a ciki. Wallahi jiran yabo nake.

Da ya dawo ya daɗe yana juya shi a hannu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. "Sannu da aiki," kawai ya ce. Kwana biyu tuwona yana dawowa a rufe. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na kwanakin nan ba.

Rana ta uku ya kira ni gindin darbejiya. "Hannun da ya ɓata shi za ya gyara. Idona ya hwara tahiya." Haka muka soma, kowace Juma'a da hantsi. Dutse mai laushi da ruwa, a hankali, don a kashe karcen yashina. Sannan lemu, sai ruwan kanwa ya kashe tsamin, sai man keken ɗinki. Wata da watanni. Jikin Baba na raguwa, ni kuma tsorona ɗaya, kada ya tafi da abin nan a ransa.

"Ya hito?" zai tambaya.

"Ya fito, Baba," nake cewa da sauri, alhali ba komai sai karce.

"Ƙarya kike, ɗiyata. Ci gaba."

Sai wata Juma'a bayan damina, na ɗauraye lemun, na ɗaga takobin a rana. Ga zanen nan tun daga ƙota har tsini. Lokacin Baba ko tafin hannunsa ba ya gani.

"Ya hito?"

Sai hawaye kawai.

"To," ya ce, "yau ba ki yi saurin amsawa ba. Ya hito ke nan." Ya lalubo kaina ya dafa. "Na yahe miki tun ranar. So nike ki iya, don ba ni da wanda zan bar ma su."

Bai ga wata Juma'ar a zaune ba; ya kwanta, kwanciyar da bai tashi ba.

Ya Allah, bawan nan naka ya yafe mini tun kafin in roƙa. Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka buɗe masa idanunsa a Aljanna. Amin.