Uwar Tukunya da Gwangwaninta

Tun da asuba Uwar Tukunya take zaune a bakin gado tana fama da rabin dafaffen ƙwai. Ta gutsura, ta tauna har ya zama ruwa, ta haɗiye, ta jira ta ji ko zai zauna. Tun da likitoci suka yanke mata yawancin tumbi saboda ƙiba da ciwon suga, cikinta ba ya ɗaukar abin da ya wuce ƙaramin kofin shayi.

Mijinta ya leƙo daga ƙofa. "Har yanzu ƙwan nan ne? Kazar da ta saka shi ma ba ta sha wannan wahalar ba."

Ba ta yi dariya ba. Ita ce mai dafa wa ma'aikata abinci a masana'antar kwali, kuma ba ta taɓa auna gishiri da komai ba sai harshenta. Ta zuba, ta juya, ta ɗanɗana, ta ƙara. Da can ba ta ɗauki wannan a bakin ci ba. Makon da ta koma aiki, kafin shinkafa ta nuna cikinta ya cika da miya mai maiƙo. Gumi ya karyo mata, ƙirji na dukan tara-tara, ta durƙushe bayan firji tana amai. Sai ta daina ɗanɗanawa. Miya ta fito salam, washegari kuma kamar ruwan teku.

"Inna," in ji wani direba a layin abinci, "har da harshen aka haɗa aka cire?"

Ranar nan da ta iso wurin aiki, manaja na tsaye a ƙofar kicin.

"Masu kamfani za su ci a nan da rana. In aka dawo da faranti ɗaya da abinci a kai, gobe wata ce a kan murhun nan."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Ta wanke gwangwanin tumatir, ta cusa a aljihun riga. Ta ɗanɗana, ta juya baya, ta tofa a ciki. Ta san dokar kicin sarai: wanda aka kama yana tofi kusa da abinci, kora ce. Tana kan tukunyar miyar kaza, bakinta cike, sai ga manaja a kafaɗarta.

"Ta yi?"

Ta tsaya da ludayi a hannu. In ta haɗiye, bayan firji za ta ƙare lokacin rabon abinci. In ta tofa, ga shi tsaye.

"Ba da ke nake ba?"

Ta zaro gwangwanin, ta tofa a gabansa, ta je famfo ta wanke hannu da sabulu.

"Saura gishiri kaɗan," ta ce. "Ranka ya daɗe, ko wannan gwangwani, ko abinci salam. Cikina ba zai ɗauka ba."

Ya dubi gwangwanin, ya dubi ƙofar da baƙi za su shigo.

"Ki nema masa murfi," ya ce daga ƙarshe. "Kuma a waje. Kada in sake ganinsa a nan."

Ranar ba a dawo da abincin kowa ba. Manaja bai yaba mata ba, bai kuma kawo wata ba.

Jiya, ni da nake cikin masu cin abincinta a masana'antar, na gan ta ta fito ta ƙofar baya da sauri, kumatu a cike, tana ture kwandon albasa da ƙafa don ta wuce.